Laifin Na'ura Ne Ko Na Waya? Yadda Aka Sha Fama Da Modem A Cikin Birnin Kano

Daga Wakilinmu a Kano

Ran 30 ga watan Satumba na shekarar 2025, kamfanin nan na ƙasar Amurka da ake kira AOL ya rufe hanyar da ya daɗe yana shigar da mutane intanet ta wayar tarho, bayan ya yi shekara fiye da 30 yana wannan aiki. Jaridun can sun yi ta buga labarin, har da masu juyayi kamar an yi rashin wani dattijo. A nan Kano kuwa, ba wanda ya yi shela sa'ad da irin wannan hanya ta mutu. Wayar NITEL ta bi ta tafi, gida bayan gida, har aka wayi gari ɗalibin da ke jami'a yau bai taɓa jin kukan modem da kunnensa ba, balle ya san wahalar da yayyensa suka sha a kansa.

Ma'aikatan gwamnati da suka fara aiki wajen ƙarshen shekarun 1990 ba su manta ba. Mutum ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta, ya ajiye ta a ɗakinsa a Yakasai ko Mandawari ko Koki, ya biya kuɗin rajista, sa'an nan ya zauna da dare zai aika takarda ɗaya tak zuwa Ikko ko Ingila, sai layi ya katse ana tsakiyar aiki. Ya sake bugawa, ya sake katsewa. Da gari ya waye sai ya ɗauki na'urar ya kai wa mai gyara, ko ya sayi wani sabon modem. Sau da yawa an yi asarar kuɗin ne kawai, domin ciwon yana can cikin wayar jan ƙarfe da ta taso daga cibiyar haɗa layuka, ta biyo titi da lungu, har ta shigo zauren gidansa.

Layin da kansa ya fi kwamfutar wuyar samu

Kafin a kai ga maganar gyara, ya kamata mai karatu ya san halin da wayar tarho ke ciki a wancan zamani. A shekarar 1985 aka kafa NITEL, sa'ad da gwamnati ta haɗa sashen tarho na tsohuwar ma'aikatar gidan waya da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. A shekarar 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ita ce kuma ta fara ba kamfanoni izinin sayar da intanet a 1996. Kamfanin Linkserve ya fara aiki a Ikko a farkon 1997, wasu suka biyo baya. Jami'o'i kuma suna da nasu tsari da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta shirya, mai suna NUNet, inda akan tara wasiƙun malamai wuri ɗaya, in lokaci ya yi a buga waya a tura su gaba ɗaya, a karɓo waɗanda suka iso.

To amma duk wannan a kan layin NITEL yake tafiya. Ga shi kuwa har zuwa shekarar 2000 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 100. Wanda ke da lamba mai farawa da 064 a gidansa a cikin birni, lalle ya san ya riga dubban mutane. Bugu da ƙari, kamfanonin intanet na farko a Ikko suka taru. Wanda kamfaninsa ba shi da lamba a Kano tilas ya buga 01, watau kiran nesa ke nan, ga tsada ga yawan tsinkewa. Sai daga baya, da aka sami masu lambar gida, abin ya ɗan yi sauƙi.

Me modem ke yi ne?

Wayar tarho don muryar ɗan Adam aka gina ta. Abin da take ɗauka ɗan siririn yanki ne na sauti, daga zagaye 300 zuwa 3,400 a cikin daƙiƙa, wanda ya isa mutum ya gane maganar ɗan'uwansa. Kwamfuta kuwa lambobi take magana da su. Aikin modem shi ne ya juya lambobin nan su zama sauti, ya tura ta waya, wani modem a can ɗaya gefen ya mayar da su lambobi. Wannan ƙara mai kama da kukan gyare haɗe da tsiyayar ruwa, da akan ji bayan an buga lamba, gaisuwa ce tsakanin na'urorin biyu. Kowace tana gwada layin, tana auna yawan hayaniyar da ke cikinsa, har su daidaita a kan saurin da layin zai iya ɗauka.

A nan ne mutane da yawa suka ruɗe. A jikin kwalin an rubuta 56K, watau kilobit 56 a daƙiƙa, bisa ƙa'idar V.90 da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta amince da ita a 1998. Amma wannan sauri yana da sharaɗi: sai kamfanin intanet yana haɗe da cibiyar waya ta hanyar na'urorin zamani masu aiki da lambobi, sai kuma gidan mutum bai yi nisa ƙwarai da cibiyar ba, layinsa kuma tsaf yake. In ɗaya ya ɓaci, na'urar takan sauko zuwa 33.6, ko 28.8, ko 14.4, wani lokaci har ƙasa da haka. Wani ma yakan ga 115,200 a fuskar kwamfutarsa ya yi ta murna, alhali kuwa wannan saurin maganar kwamfuta ne da modem ɗinta a cikin ɗaki, bai shafi abin da ke bin waya ba. Domin mai karatu na yau ya gane ma'aunin: hoto ɗaya mai nauyin megabait 3, irin wanda kowace wayar hannu ke ɗauka yanzu, zai ci minti 12 a kan 33.6, a kan 14.4 kuwa ya kusa rabin awa. Duk tsawon lokacin nan kuɗin kira na hauhawa, in kuma layi ya katse a minti na 11, sau da yawa sai a koma farko.

Mutum yana iya yin hira da ɗan'uwansa a layi mai ƙaraf-ƙaraf ya gane duk abin da aka ce, domin kunne da hankali suna cike giɓi. Modem ba shi da wannan baiwa. Duk ƙarar da ta shigo, lambobi ne suka lalace, sai ya nemi a sake turowa. In abin ya yi yawa sai na'urorin biyu su tsaya su sake gaisawa, su rage sauri. In hakan bai yi ba su ajiye waya. Shi ya sa mai gida zai rantse layinsa lafiya lau, ai ɗazu ya yi magana da Kaduna, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai lafiyar da ta ishi murya ba ta ishi kwamfuta ba.

Kunne ya fi sukudireba

Waɗanda suka ƙware a wannan harka ba su fara buɗe kwamfuta. Sukan cire wayar daga bayan modem su sa ta a kan tarho na yau da kullum, su ɗaga kai su saurara. In ba a ji ƙugin layi ba sam, magana ta ƙare: ko an yanke layin saboda bashi, ko waya ta tsinke a hanya. In an ji ƙugin, sai a danna lamba ɗaya domin ya yi shiru, sa'an nan a kasa kunne. Ƙaraf-ƙaraf kamar ana soya gyaɗa alama ce ta mahaɗar da ta saki, ko ta yi tsatsa, ko ruwa ya shige ta. Gurnani mai dorewa yakan nuna wayar ta bi kusa da wayar lantarki, ko ta kusanci fitilar nan mai dogon ƙwai, ko kuwa ɗaya daga cikin silinta biyu ya taɓa ƙasa. Jin muryar wasu mutane can nesa kuwa, layin ya cuɗanya da na maƙwabta ke nan a cikin babbar igiya.

Mataki na biyu shi ne raba laifi tsakanin gida da waje. Sai a je inda waya ta fara shigowa gidan, a cire duk rassan da aka ja zuwa sauran ɗakuna, a ɗaura tarho a wurin kai tsaye. In hayaniya ta ɗauke, ciwon na cikin gida ne, mai gida zai iya maganinsa da sabuwar waya mai tsawon kamu kaɗan. In ba ta ɗauke ba, sai a kai ƙara ofis a jira ranar da masu tsani za su zo. Wannan gwaji bai cin kwabo, bai kuma wuce minti 10, amma sai ka tarar mutum ya sayi modem biyu bai taɓa yinsa ba.

Ita ma kwamfutar takan faɗi abin da ke damunta, sai dai da lambobi take faɗa, mutane kuwa sukan danna su wuce ba su karanta ba. A kan Windows 98 da waɗanda suka biyo shi, 680 na nufin modem bai ji ƙugin layi ba. Lamba 676 na nufin layin da aka buga a cike yake, 678 kuma an buga ba a amsa ba. Ita 691 ba ruwanta da waya ko kaɗan: sunan shiga ko kalmar sirri ce ba daidai ba, ko kuma awoyin da aka saya sun ƙare. Wanda ya san wannan ba zai hau katanga neman mahaɗa ba alhali bashi ne ake binsa.

Lamba 680 ita ta fi yaudara. Wani lokaci tarho yana aiki sarai amma modem ya ce bai ji komai ba. Dalili na farko abin dariya ne: ramuka biyu ne a bayan na'urar, ɗaya na layi ɗaya na tarho, an kuwa sa wayar a ramin da ba shi ba. Na biyu, yawancin na'urorin an ƙera su ne da kunnen ƙugin layin Amurka ko na Turai, in namu ya yi rauni ko ya bambanta sai su ƙi ganewa. Maganinsa a cire alamar da ke cewa a jira ƙugi kafin a buga, ko a rubuta wa modem umurnin X3, sai ya buga kai tsaye. Akwai kuma batun irin bugun. Tsofaffin cibiyoyi sun saba da tarho mai faifan juyawa, wanda ke aika lamba ta hanyar ƙyafta layi, sababbi kuwa da sauti suke karɓa. Wanda layinsa ke kan tsohuwar cibiya ya bar na'urarsa a kan bugun sauti, zai kwana yana bugawa ba inda kiran ya je.

Wata dabara da ta ceci mutane da yawa ita ce rage buri. In aka tilasta wa modem ya tsaya a 28.8 ko 19.2 maimakon ya riƙa haƙilon kai wa 50, sai ya daina tsayawa sake gaisuwa, aiki ya tafi a hankali amma ba tsinkewa. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Haka nan modem na waje, mai akwatinsa da fitilunsa, ya fi jure mugun layi bisa ga ɗan allon nan mai araha da ake cusawa cikin kwamfuta, wanda ke jingina aikinsa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Irin wannan in aka buɗe wani aiki mai nauyi ana cikin kira, sai ya shaƙe.

Abin da ya keɓanta da cikin ganuwa

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi Nasarawa da Bompai da Sabon Gari. Cikin birni kuwa yana da nasa ƙari. Unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi da gindin Dala an shata su ɗaruruwan shekaru kafin a san mota, balle falwaya. Turakun waya a bakin manyan tituna suke tsayawa. Daga nan sai a ja siririyar waya ta shiga lungun da ko amalanke da ƙyar take wucewa, ta haye soron wannan, ta rataya a indararon wancan, a ɗaure ta a ƙusa a jikin katangar ƙasa. In tsawon bai kai ba a yi ƙari, a murɗa sili da sili a naɗe da baƙin tef. Kowane ƙari ƙofa ce ta hayaniya. In magina suka zo yaɓe gab da damina, ba abin mamaki ba ne a tura wayar gefe ko a binne wani yanki nata cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Saboda haka ciwon yana bin yanayi. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi sauka a Kano, laima takan shiga mahaɗa da ramukan da manyan igiyoyi ke bi a ƙarƙashin titi, layin da ke ba da 33.6 da rani ya koma ba ya ko gaisawa. In rana ta fito kwana biyu sai ya warke da kansa, mai gida ya ce gyaran da aka yi masa jiya ne ya ci. Da hunturu ƙura ke cika soket. Da bazara kuma, zafin watan Afrilu da ke wuce awo 40 yakan sa na'urar cikin kwamfuta ta yi ta katsewa bayan ta ɗan jima tana aiki. Mafi muni ita ce tsawar farkon damina. Mutum ya kashe kwamfuta ya cire ta daga wuta, ya manta da wayar tarho a jikinta, aradu ta faɗi can nesa ta biyo jan ƙarfen ta ƙone modem. Washegari sai 680, tarho kuwa yana aiki. A wannan karo kam, sayen sabo ya zama dole.

Sai kuma zaman gidan gandu. Layi ɗaya ne, amma an ja reshe zuwa turakar mai gida, wani zuwa ɗakin uwargida, wani ma har shagon ƙofar gida. Ɗalibi yana can yana sauko da takardar neman shiga makaranta, sai wani a can sashen ya ɗaga kan tarho zai kira Fagge. Shi ke nan, aiki ya rushe. Haka kuma muddin yana kan intanet, duk mai neman gidan zai ji layi a cike, abin da ya sa iyaye da yawa suka kafa dokar ba a taɓa kwamfuta sai bayan sallar lisha. Ga kuma ɓarayin layi, masu ɗaura tasu waya a kan ta mutane a wani lungu su yi ta kiran ƙasashen waje, da masu yanke igiyar ɗungum su kai wa 'yan gwangwan saboda jan ƙarfen da ke ciki.

Batun wutar NEPA ba sai an tsawaita ba, amma akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Tarho daga cibiya yake samun tasa wutar, bolt 48, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke lantarki. Kwamfuta da modem kuwa da wutar gida suka dogara. In wuta ta yi ƙasa ko ta ƙyafta, kira ya tafi. Ƙaramin janareta ma yakan zuba nasa gurnani a layi in an ja wayoyin biyu tare. Sitabilaiza da batirin ajiyar wuta sun rage wannan, ga wanda ya iya saye.

In layi tsaf, wuta tsaf, lamba kuma ta ce 676, to a nan sai a dubi kamfanin intanet. Kowane kamfani yana da adadin layukan da ke karɓar kira, ya kuma sayar wa mutanen da suka ninka adadin sau da yawa. Da yamma kowa ya taso aiki sai a yi cunkoso. Wanda ke da aikin gaggawa ya koyi tashi da asuba.

Yadda aka watse

A watan Janairu na 2001 NCC ta yi gwanjon izinin wayar salula, kowane izini a kan dala miliyan 285, a watan Agusta na shekarar kuma Econet da MTN suka fara aiki. Mutane suka sami abin kira a aljihu, suka daina biyan kuɗin layin gida, layukan da suka mutu ba a sake tayar da su ba. Masu neman intanet suka koma shagunan kafe masu faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi, inda ake sayen awa, har da kwanan zaune mai rangwame. Da ƙasar Amurka ta mayar da cikan takardar cacar bizarta ta intanet kawai a 2003, hukumomin jarrabawa na gida su ma suka bi wannan hanya, shagunan nan suka cika maƙil. Kamfanin Starcomms ya kawo tarhon tebur marar igiya. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, daga bisani aka sayar da kadarorinsa ga NATCOM, wanda ya fito da sunan ntel a 2016. Kalmar modem dai ta tsira, aka liƙa ta ga ɗan abin nan mai ɗaukar layin salula da ake cusawa a gefen kwamfuta.

A ganina, an yi gaggawar yafe layin ƙasa a cikin birni. Wasu ƙasashe a kan wannan tsohon jan ƙarfe suka ɗora intanet mai sauri, daga baya suka bi hanyoyinsa suka shimfiɗa igiyar gilashi har ƙofar gida. Mu kuwa da jan ƙarfen ya tafi, unguwanni masu cunkoso irin na cikin ganuwa sai suka dogara kacokan ga turakun salula. Yau kuwa albashi, da neman aiki, da rajistar jarrabawa, da biyan kuɗin makaranta, duk ta nan suke bi. Ran 14 ga watan Maris na 2024, da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka tsaya cik. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, saboda yawan sata da yanke igiya wajen aikin titi. Tun a 2020 gwamnoni suka amince a riƙa karɓar Naira 145 a kan kowace mita ta haƙa ramin igiya, Jihar Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya a wannan shekara. Sai dai rangwamen kuɗin haƙa bai faɗaɗa lungu ba, kamfani kuwa inda motarsa ke shiga nan yake fara kai kaya.

Mai layin NITEL na da, duk wahalarsa, yana da wayar da zai bi da hannu daga ɗakinsa har bakin titi, ya sa kunne ya ji inda ta lalace. Ɗalibin da ke Daneji ko Alfindiki a yau, in abin ya tsaya masa ana gobe rufe rajista, sai ya canja layi, ko ya hau soro da wayarsa a hannu, ko kuwa ya tari a-daidaita-sahu ya fita ta Ƙofar Nasarawa ya nemi shagon da nasu ke aiki.